Mai Allura ta riga mu gidan gaskiya

Hedigal: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasunku sun ji tun da asuba, wasu kuma sai yanzu. Allah ya yi wa 'yar'uwarmu Mai Allura rasuwa jiya bayan sallar isha'i. An yi mata sutura, an sallace ta ƙarfe goma na safiyar nan a ƙofar gidansu, an kai ta makwancinta a maƙabartar Tarauni. Ta bar maigidanta da 'ya'ya huɗu da mahaifiyarta. Hannuna rawa yake yi, ku yi haƙuri da gajeren bayani.

Maman 'Yan Biyu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya sa halinta na gari ya bi ta.

'Yar Gumel: Wace Mai Allurar? Tamu? Hedigal don Allah ki ce min ba ita ba ce. Watan jiya fa muka yi waya, har tana tambayata launin da nake so a zanen gadon auren ƙanwata.

Hedigal: Ita ce, ƙawata. Sai haƙuri.

Malama: Allah ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya haskaka shi, ya tabbatar da ita wajen tambaya. Allah ya raya abin da ta bari, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Ta Kaduna: Amin ya Rabbi. Na kasa tashi daga inda nake zaune.

Gadon Ƙasa: Tun safe nake riƙe da wayar nan, in rubuta in goge. Shekara shida gadonmu ɗaya a ɗakin kwana, ita a sama ni a ƙasa, tun ranar da aka sauke mu da akwatunan ƙarfe a 1994. Kuma a kaina ta samu sunan nan. A zangon farko ne murfin akwatina ya kama rigar makarantata ya keta ta daga kafaɗa, ga shi washegari za a duba tsafta, ga shi ita kaɗai ce mai kyau a cikin biyun da aka ɗinka min. Ina ta kuka cikin bargo. Sai na ji an leƙo daga sama an ce, "Miƙo min." Ta buɗe wani kwalin ashana, ashe allurai ne a ciki guda uku da zare naɗe a jikin tsinke. Ta rage hasken fitilar ƙwai don kada matiron ta hango, ta ɗinke wajen. Da ta ga ɗinkin zai nuna, sai ta zagaye shi da ɗan ƙaramin ganye da farin zare, ta je ɗaya kafaɗar ma ta yi irinsa don su zama ɗaya. Da safe siniyar da ke duba mu ta tsaya tana kallo ta ce wane tela ne ya yi min. Shekararmu goma sha biyu a lokacin. Daga ranar duk wadda maɓallinta ya cire sai a ce ta je wajen Mai Allura.

Autar Aji: Kwalin ashanar nan! Wallahi ina ganinsa a idona yanzu. Ko ranar da muka fara zana NECO a 2000, da yake mu ne rukunin farko kowa cikinsa ya ɗuri ruwa, ita tana zaune bakin baranda tana gyara wa wata aljihun siket.

'Yar Gumel: Ga hotonmu na ranar yaye mu. Ita ce ta uku daga hagu, mai dariyar nan. Na ɗora shi a sitatus ɗina ma, kowa ya yi mata addu'a.

Malama: 'Yar Gumel, don girman Allah ki sauke shi daga sitatus. A nan tsakaninmu mata ne kuma 'yan aji ɗaya, amma can waje maza ne da baƙi. Kin san ta, tun da ta yi aure ba ta taɓa saka fuskarta a Facebook ba, ko a tallar ɗinkinta. Abin da ba ta yi wa kanta ba tana raye, bai kamata mu yi mata ba yanzu da ba ta da bakin hanawa.

'Yar Gumel: Malama ni ba da wata manufa na yi ba. Mutane ba sa tsayawa karanta rubutu, amma idan suka ga fuska sai su ce Allah ya jiƙanta. Cikin awa ɗaya sama da mutum hamsin sun yi mata addu'a. Ashe wannan ba riba ba ce gare ta?

Ta Kaduna: Ni ina bayan 'Yar Gumel. Hoton yarinta ne, da hijabinta har gwiwa. Kuma akwai 'yan ajinmu da ba sa cikin zauren nan, ba za su gane sunanta na gida ba sai sun ga fuskar.

Malama: Na san niyyarku mai kyau ce, ban yi shakka ba. Amma ku tuna da yaran. Babbar tana da waya. Ta buɗe ta ga uwarta tana yawo daga hannu zuwa hannu da alamar kuka a ƙasa, a ranar da aka binne ta. Addu'a ba ta buƙatar hoto kafin ta isa.

Maman 'Yan Biyu: Ku saurara, ni yanzu na dawo daga gidan. Na ji da kunnena Alhaji maigidanta yana roƙon ƙannensa kada a yaɗa hotonta. Tunda mai haƙƙi ya yi magana, ina ganin an gama. Amma ga shawara: duk wadda ke da wani abu da hannunta ya yi, ta ɗauki hotonsa ta saka. Wannan ai shi ne ta yarda duniya ta gani.

'Yar Gumel: Na sauke. Allah ya yafe min in na yi ba daidai ba. Ban san yadda zan yi da zuciyata ba ne kawai.

Malama: Babu laifi a kanki, ƙawata. Dukanmu haka muke ji.

Maman 'Yan Biyu: To ni zan fara. Ga tumaƙasar da ta saƙa min da kwarashi lokacin aurena, shekara ashirin ke nan. Zaren ulu ne ja da ruwan ƙwai. Sau nawa aka wanke ta ban sani ba, ko zare ɗaya bai zare ba. Da ita nake rufe kwanon maigidana duk azumi.

Ta Kaduna: Ga nawa, shadda ce. Fara sol na saya a Kantin Kwari na kai mata in ce ta yi min doguwar riga, sai ta juya ta ta ce, "Wannan farin zai ɓata ki, bar min ita sati biyu." Ashe zama ta yi ta ƙulle ta da zare ƙulli-ƙulli, wasu da ƙananan duwatsu a ciki, ta ɗauka da kanta zuwa marinar Ƙofar Mata. Ta ba ni labarin yadda ta tsaya kan marinin yana tsomawa cikin ruwan baba yana ɗagawa iska ta buga, daga kore-kore ya koma shuɗi, tana cewa a ƙara, a ƙara, har ya kai duhun da take so. Sannan ta kai wa masu bugu suka buga ta har tana ƙyalli. Da aka kwance ƙullin sai ga taurari farare a jiki. Ranar da na saka ta wajen biki mata uku ne suka bi ni har mota suna tambayar daga wace ƙasa aka kawo. Na ce daga Tarauni.

Hedigal: Ni takunkumin fuska ne. Kun tuna kullen korona a Kano a watan Afrilun 2020, lokacin da na kemis ya yi tsada kuma ya yi wuya? Ta tattaro ƙyallayen atamfa da suka taru mata cikin buhu, ta zauna ita da yaranta suna ɗinkawa ninki biyu, ta raba wa 'yan adaidaita da almajiran layinsu da masu gadi. Ko sisi ba ta karɓa ba. Da na ce ta sayar ko da rabi ne, cewa ta yi ƙyallen ai na mutane ne, ta tambayi masu shi sun yafe, to kuɗin me za ta karɓa?

Autar Aji: Nawa ba shi da hoto, ya goge tuntuni. Ita ta yi min ƙunshin aure. Ta kwana tana yanka salatif da reza, ganye-ganye da zube irin na bakin hula, ta manna min a ƙafa kafin ta shafa lallen. Hannunta ba ya rawa. Tana yi tana min faɗa a hankali a kan zama da dangin miji, abin da uwata ta ji kunyar gaya min.

Amma ni akwai abin da ke ci min rai, kuma sai na faɗa. Yau a gidan makoki na ji ashe ta fi shekara tana jinya. Shekara guda! Muna nan muna turo mata kaya, muna damun ta da yaushe za a gama, Sallah ta matso. Ni da kaina na yi mata ƙorafin jinkiri a watan Sha'aban, ta ce min "Yi haƙuri Auta, jikin ne sai a hankali," na ɗauka gajiya ce. Waye ya sani a cikinmu ya yi shiru?

Sista: Ni ce, Auta. Ni na sani.

Ciwon daji ne na mama. Ta zo wajena ne bayan ta daɗe tana jin ƙullutu a gefen hagu, ba ya mata zafi, shi ya sa ta share. Ta gwada na gargajiya, ta gwada shafe-shafe, kunya kuma ta hana ta bari likita ya duba. Lokacin da na raka ta aka ɗebi nama aka auna, ya riga ya wuce zuwa hammata. An yi aiki, an yi ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, kun ga dalilin da ta koma ɗaura ɗankwali har goshi ƙarƙashin hijabi. Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Ta ce ba ta son a riƙa kallon ta da idon tausayi, kuma ba ta son a daina kawo mata ɗinki, don idan tana kan keke mantawa take yi da ciwon. Na riƙe amanar, amma Allah ya sani ta yi min nauyi. Duk ranar da na ga ɗayanku ta rubuta "Mai Allura ina kayana," sai in kife wayar.

Ta Kaduna: Sista, anya ya dace a buɗe wannan yanzu? Ta ɓoye abinta har ta koma ga Allah. Kuma kwana ne ya ƙare, ko da an gano da wuri ba za ta ƙara minti ɗaya ba.

Sista: Ajali ba ya matsawa, na yi imani da haka. Amma wanda ya ƙaddara ajalin shi ya umarce mu da neman magani, kuma hadisi ne a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ban buɗe da son raina ba. Sati biyu da suka wuce ta riƙe hannuna ta ce, "Idan na tafi ki gaya wa 'yan ajinmu abin da ya same ni, kada wata ta yi irin shiruna." Saƙonta nake isarwa. Dukanmu mun haura arba'in. Kowace ta riƙa shafa mamanta da tafin yatsu sau ɗaya a wata, bayan ta yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, har zuwa hammata. In kin ji ƙullutu, ko kan maman ya shige ciki, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko wani ruwa ko jini yana fita ba shayarwa kike ba, ki je asibiti a satin. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma awo ne kaɗai ke rarrabewa. In namiji kike jin kunya, ki kira ni in haɗa ki da mace.

Ta Kaduna: Tunda wasiyyarta ce na janye maganata. Ki yafe ni Sista.

Autar Aji: Ni kuma wa zai yafe min ƙorafin da na yi mata?

Sista: Ta ambace ki da suna, Auta. Dariya ta yi ta ce ke kaɗai ce ba ki canza mata ba, kina mata faɗa kamar mai lafiya, kuma hakan ya yi mata daɗi.

Hedigal: Allahu akbar. 'Yan'uwa, mu share hawaye mu yi maganar abin da za mu yi mata. Akwai ɗan abin da ke asusun ƙungiya, kuma na san in an buɗe karo-karo za a samu. Ni tunanina rijiyar burtsatse da sunanta, sadaka mai gudana.

'Yar Gumel: Na goyi baya. Ko kuma mu haɗa mu yi mata babbar sadakar arba'in, a dafa abinci a yi saukar Alƙur'ani.

Malama: Maganar arba'in kun san malamai sun saɓa, gidanmu ba ma yi, gidan su 'Yar Gumel ana yi, kuma ba yau za mu warware wannan ba. Wannan hurumin danginta ne, duk abin da suka tsayar mai zuwa ta je. Rijiya kuwa alheri ce babba. Amma akwai abin da ya riga duka biyun, shi ne bashi da amana. A Suratun Nisa'i, inda Allah ya raba gado, ya ba miji rubu'i idan akwai 'ya'ya, ya ba uwa sudusi, sai da ya maimaita cewa bayan wasiyya ne ko bashi. Mace mai sana'a irinta ba ta rasa kayan mutane a hannu. Akwai wanda ya ba da yadi, akwai wanda ya ba da kafin alƙalami. Kuma kada ku manta ita ce uwar adashinmu. Alhaji ba zai san kan wannan ba, yaran kuma ƙanana ne. Mu ne muka sani.

Maman 'Yan Biyu: Gaskiya Malama ta faɗa. Na shiga ɗakin ɗinkin yau. Komai a jere, kowace leda da takarda manne da allura, an rubuta sunan mai kaya da abin da ya biya da abin da ya rage. Na ƙirga leda goma sha ɗaya ba a gama ba. Littafin adashin ma yana cikin aljihun keken Butterfly ɗinta, saura mutum uku ba su kwasa ba.

Ta Kaduna: Ni ce ɗaya daga ukun. Na yafe zubina duka, a bar wa yara.

Malama: Allah ya saka miki. Amma a rubuta, kuma kada wata ta ji dole ne ta yi yadda kika yi. Mai buƙatar kuɗinta ta karɓa ba tare da kunya ba, sauke mata nauyi ne.

Gadon Ƙasa: Ina da magana a kan rijiyar, Hedigal, ba don na raina ta ba. Layinsu akwai burtsatse biyu. Abin da babu, kuma daga jiya ya tsaya, shi ne abin da take yi a garejin gidan. Yara mata bakwai ne ke zuwa wajenta bayan la'asar, yawancinsu marayu da waɗanda aka cire daga makaranta, tana koya musu yanka da ɗinki da saƙa kyauta. Na gan su yau a rakuɓe bayan ƙofa, ba mai yi musu gaisuwa don ba dangi ba ne, alhali kukansu ya fi na kowa. Waɗanda ta yaye a baya wasu har sun buɗe shago. Hadisin da muke ta ambata abu uku ya lissafa: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Na biyun nan ta riga ta dasa da hannunta. In muka bari garejin ya rufe, mun tafi haƙa sabuwar rijiya mun bar tata ta ƙafe.

Hedigal: Ban san da yaran nan ba wallahi. Shekara nawa tana yi?

Gadon Ƙasa: Tun kafin korona. Ba ta faɗa ne kawai.

'Yar Gumel: To amma wa zai koyar? Mu dai ba mu iya ba. Kuma gidan mutum ne, gobe Alhaji zai iya yin aure, amarya ta ce ba ta son hayaniya. Kekunan ma ai sun zama gado.

Malama: Tambaya ce mai kyau. Kekunan haƙƙin magada ne, akwai marayu a ciki, ba a taɓa su da sunan sadaka. Sai dai a yi musu kuɗi mu saya daga hannunsu, kuɗin ya shiga gado, kekunan su zama wakafi.

Gadon Ƙasa: Mai koyarwa akwai. Ɗaya daga cikin waɗanda ta fara yayewa tana aure a Unguwa Uku, hannunta kamar na marigayiya. In za mu riƙa ba ta wani abu duk wata za ta zo. Ita ce ma za ta iya ƙarasa ledoji goma sha ɗayan nan.

Hedigal: Na kira Alhaji yanzu na yi masa gaisuwa a madadinmu, na ɗan taɓo masa zancen. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce in gaya muku garejin yana nan yadda ta bar shi muddin yana raye, kuma ƙofar gidan a buɗe take ga duk ƙawarta. Ya ce shekara ashirin da biyu bai taɓa sayen hula a kasuwa ba. Daga nan muryarsa ta sarƙe, muka yi sallama.

Malama: Allah ya ba shi haƙuri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar Nana Khadija idan ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. Alhaji ya kama hanya mai kyau.

Ta Kaduna: To a tsayar. Ni na ɗauki dubu biyar duk wata don mai koyarwa. Rijiyar kuma kada a jefar da ita, in an samu rara a yi ta a ƙauyen mahaifiyarta inda ake da buƙata.

'Yar Gumel: Ni ma dubu biyar. Zare da allurai da man keke kuma a bar min.

Sista: A saka ni. Kuma ranar da za mu haɗu zan zo da abokiyar aikina, duk mai son a duba ta a duba ta a ɗaki, ba sai kowa ya sani ba.

Hedigal: Ranar Asabar ƙarfe huɗu a gidan. Malama da Maman 'Yan Biyu su zauna da Alhaji kan littafin adashi da ledojin. Kada a zo da girki mai yawa, Hajiya ta ce abinci har ya yi musu yawa, gara sabulu da omo da kayan shayi. A tuna da autanta, shekararsa shida, har yanzu tambaya yake yaushe Umma za ta dawo daga asibiti.

Maman 'Yan Biyu: Babbar 'yarta ce ta turo min wannan yanzu, ta ce in karanta muku: "Anti, ku gaishe da duk ƙawayen Umma, mun gode. Akwai hular da take yi wa Abba, ta zana ta da biro ta gama kewayen, saura saman. A asibiti take yin ta in ta ji dama-dama. Allurar tana jiki da zaren. Ban san wa zan ba ba."

Gadon Ƙasa: Ki ce mata kada ta ba kowa, kuma kada ta zare allurar. Ɗinkin hula shi kaɗai na iya a cikin duk abin da uwarta ta yi ta fama ta koya min. Ranar Asabar zan zo da wuri, tun ƙarfe biyu, mu zauna ni da ita in nuna mata inda za ta soka. Ita za ta ƙarasa wa babanta.

Maman 'Yan Biyu: Na gaya mata. Ta ce zaren shuɗin ya kusa ƙarewa.

'Yar Gumel: Ta ɗauko min hotonsa da rana, a waje inda launin zai fito sosai. Gobe zan shiga kasuwa.